Amsoshin Tambayoyinku: Yaya Ake Adana Ganyen Tsirrai?

Wani mai sauraronmu daga Funtuwa ya ce shi da abokansa sukan fita daji ranar Asabar suna nazarin tsirrai, amma ganyen da suka tsinko yakan ruɓe kafin su gano sunansa. Yaya za su yi?

To malam, sannunku da ƙoƙari. Kada ku tsinko ganye tsurarsa, ku haɗo da fure ko 'ya'ya. Ganyen bagaruwa da na farar ƙaya kan rikita mutum, amma 'ya'yan bagaruwa a jere suke kamar carbi. Ku shimfiɗa reshen cikin tsohuwar jarida, ku ɗora katako ku danne da dutse, kuna canza takardar kullum har ya bushe ƙarau. Da damina sai an dage, in ba haka ba fumfuna ta cinye shi. Ku rubuta wuri da rana da irin ƙasar.

Batun suna kuwa, ku fara da makiyaya da masu maganin gargajiya, sun fi kowa sani. Akwai kuma abin dubawa a rubuce: wani likita mai suna J. M. Dalziel ya wallafa littafin sunayen tsirrai na Hausa a 1916. Tsiron da ya gagare ku, ku kai sashen nazarin tsirrai na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, inda ake ajiye busassun samfura.