Darasi: Zaɓen Wurin Yada Zango

A ƙasashen Turai da Amurka akwai wata irin mota mai ɗaki a ciki. Tana da gado da murhu da tankin ruwa. Iyali sukan yi tafiya a cikinta. In dare ya yi, sai su tsaya su kwana.

Amma ba ko'ina ake tsayawa ba. Matafiyi mai hankali yakan isa wuri tun da sauran rana. Yakan nemi tudu mai ƙasa mai tauri. Yakan guji gindin busasshen itace, kada reshe ya faɗo.

Babban abin gudu shi ne kwari da bakin rafi, ko da ya ƙafe. A watan Agustan 1996, an tafka ruwa a kan duwatsu kusa da garin Biescas a ƙasar Sifen. Ambaliya ta gangaro, ta afka wa masu zango a ƙasa. Mutum 87 suka rasu.

Mu ma haka rafukanmu suke da damina. Rafi yakan kawo ruwa ko ba a yi ruwan sama kusa ba. Fatake da makiyaya, a yi hattara. Rigakafi ya fi magani.