Amsoshin Tambayoyinku: Wasiyyar Wanda Ba Musulmi Ba a Dubai

Wata mai sauraronmu daga Jos ta ce mijinta Kirista ne, yana aiki a Dubai. Tana tambaya, in ta Allah ta kasance, yaya za a raba dukiyarsa?

To, malama, Allah ya ba shi tsawon rai. Tun watan Fabrairun 2023, Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, inda Dubai take, ke aiki da dokar iyali ta waɗanda ba Musulmi ba. In mutum ya rasu bai bar wasiyya ba, rabin dukiya na matarsa ne, sauran rabin a raba wa 'ya'ya daidai wa daida, mace da namiji.

Amma abin da ya fi damuna shi ne banki, domin da zarar sun ji labarin rasuwa sai su rufe asusu har kotu ta yi hukunci, ga kuɗin haya, ga na makarantar yara. Don haka maigida ya yi rajistar wasiyyarsa a kotunan cibiyar hada-hadar kuɗi ta Dubai (DIFC), waɗanda suka fara karɓar irinta tun 2015, ya kuma ambaci mai riƙon yara. In yana da gida a Jos kuwa, ya nemi lauya a Najeriya.