Darasin Lafiya: Abin da ke Cin Hannun Birkila

Da wuya a sami gida a cikinmu da babu birkila, ko lebura, ko mai walda. Mun saba ganin hannunsu ya tsattsage, yana ƙaiƙayi, har ya zama gyambo, mu ce ai aiki ne. Sau da yawa abin da ke jawo haka wani sinadari ne mai suna kuromiyam.

Iri biyu ne ya kamata mu sani. Mai lamba 3 yana cikin abinci ɗan kaɗan, cutarsa ba ta da yawa. Mai lamba 6 shi ne mugun, kuma yana samuwa a siminti lokacin da ake gasa shi a masana'anta.

Jiƙaƙƙen siminti yakan fara ƙona fata, sai sinadarin ya sami ƙofar shiga. Bayan watanni ko shekaru, sai jiki ya kama borin jini. In ya kama, yawanci ba ya rabuwa da mutum, har takalmin fatar da aka jeme da kuromiyam yana iya tayar da shi. Magidanci da yawa sun bar sana'arsu saboda wannan. Shi ya sa tun 2005 Tarayyar Turai ta hana sayar da simintin da mugun irin ya wuce miligiram 2 a kowane kilo.

Shaƙarsa ta fi haɗari. Hayaƙin waldar ƙarfen da ba ya tsatsa yana ɗauke da shi. Yana iya cin cikin hanci har ya huda shi, kuma cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar yana jawo sankarar huhu.

To, me za mu yi? A kwaɓa siminti da safar hannu ta roba da dogon takalmin roba. In ya taɓa jiki, a wanke nan take da ruwa mai yawa. A yi walda inda iska ke wucewa, da abin rufe hanci na ainihi, tsumma ba ya tare shi. Uwayen gida su ware kayan aiki wurin wanki. Ƙaiƙayin da ya ƙi tafiya a kai shi asibiti, a gaya wa likita sana'ar da ake yi.

Dattawanmu, ku ne yara ke jin maganarku. Kafin ku kai yaro koyon gini, ku tambayi maigidansa zancen safar hannu. Allah ya ƙara mana lafiya.