Batirin motar wasan yara: abin da ke kashe shi tsakanin Sallah da Sallah

Duk wanda ya ratsa kasuwar Wudil a Juma'ar ƙarshe kafin Sallah ya san yadda teburan 'yan koli ke cika da kayan wasan yara: bindigar ruwa, tabarau, agogon roba, da kuma motar nan mai rimot da yaro zai tsaya daga nesa yana sarrafa ta. Yawancinsu daga Sin ake ƙero su, su sauka kasuwar Sabon Gari a Kano, ƙananan 'yan kasuwa su saro su bazu da su garuruwa. Iyayen da suka tashi suna ƙera motar kara da ta gwangwani, yau 'ya'yansu na tuƙa mai injin lantarki da fitila da batirin caji.

Sati biyu ko uku bayan Sallah sai motocin su fara isowa teburin masu gyaran waya da rediyo. Mai wannan rubutu ɗaya ne daga cikinsu, kuma ƙorafin da yake ji kusan iri ɗaya ne: "Malam, ba ta riƙe caji," ko "Tun jiya ta ƙi motsi." In aka kwance murfin ƙasan motar aka ɗora mita, sau da yawa injin lafiyarsa lau, allon da ke karɓar umarnin rimot ma bai ƙone ba. Batirin ne ya mutu, alhali ko wata guda bai yi a hannun yaro ba. Yadda aka yi masa caji da inda aka ajiye shi su ne suka gama da shi.

Batura iri biyu ake samu a cikin waɗannan motoci, kuma rubutun jikinsu yana faɗin ko wanne ne. Na farko shi ne dangin nikel. Za a gan shi ƙananan batura huɗu ko biyar ko shida an ɗaure su da leda wuri guda, an rubuta Ni-Cd ko Ni-MH. Kowace ƙwaya ɗaya tana ba da bolt 1.2, shi ya sa ake ganin 4.8V ko 6V ko 7.2V a jikin ƙunshin. Tsohuwar fasaha ce. Wani ɗan Suwidin, Waldemar Jungner, ya ƙirƙiro Ni-Cd tun 1899. Yana da nauyi, bai ɗaukar wuta da yawa, amma yana da haƙuri.

Na biyu shi ne litiyam, mai rubutun Li-ion ko Li-Po, kuma shi ya mamaye sababbin motoci. Kamfanin Sony ya fara fitar da shi kasuwa a 1991, a 2019 kuma aka ba masana uku da suka share masa hanya, John Goodenough da Stanley Whittingham da Akira Yoshino, kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai. Ƙwaya ɗaya tana ɗauke da rubutun 3.7V, biyu a haɗe 7.4V. Ba shi da nauyi, yana sa mota gudu, amma iyakokinsa a tsuke suke. Ƙwayarsa tana cika a bolt 4.2, kuma ba a so ta sauka ƙasa da bolt 3. Tsakanin waɗannan lambobi biyu yake rayuwa. A haura ta sama, ya kumbura ko ya kama wuta. A zarce ta ƙasa, ya mutu.

A nan ne maganar caja take shigowa, kuma nan ake ɓarna da yawa. 'Yar wayar USB da ke zuwa cikin kwalin motar, wadda ake gani kamar ba komai ba, akwai ƙaramin allo a cikin kanta. Shi yake karɓar bolt 5 daga kan cajar waya, ya rage shi, ya yanke wuta da zarar batiri ya kai 4.2. 'Yar fitilar da ke jikinta alamar wannan aiki ce: a wasu takan mutu in caji ya cika, a wasu ta canza launi, don haka a lura da yadda ta gidan take yi tun ranar farko. To, wannan waya ita ce abu na farko da ke ɓacewa a gida mai yara. Daga nan sai dabara ta fara. Wani yayan ya yanke wayar tsohuwar caja, ya fere bakinta, ya haɗa ja da ja, baƙi da baƙi. Wuta za ta shiga, motar ma za ta yi gudu kwana biyu, amma ba abin da zai tsayar da cajin in ya cika, kuma da yawa daga batura masu araha ba su da allon kariya na kansu. Haka batiri ke yin ciki.

Akwai kuma tarkon da ya fi wannan ɓoyuwa. Ɗan baƙin soket mai ƙafa biyu da ke bakin batirin nikel iri ɗaya ne da wanda ake sa wa na litiyam da yawa. Cajar motar maƙwabci za ta shiga daram, amma wata ta 4.8V ce, wata ta 3.7V, kuma masu ƙera su ba su ma daidaita gefen da jar waya ke zama ba. Shigar soket ba ta nuna dacewa. Abin dubawa shi ne rubutun jikin caja da na jikin batiri su zo ɗaya, sannan jar waya ta fuskanci ja. Ƙunshin 7.4V kuwa yana da wani farin soket mai waya uku, kuma ta nan cajarsa ke auna kowace ƙwaya daban don kada ɗaya ta cika ta bar 'yar uwarta a baya.

Cajar nikel ta gargajiya ba ta yanke wuta ko kaɗan. Mai ita ne zai lissafa lokaci. Idan an rubuta 700mAh a jikin batiri, caja kuma tana ba da 250mA, a raba 700 da 250, a ƙara kusan rabin abin da ya fito saboda wutar da ke tafiya a zafi: awa huɗu ke nan ko kusa da haka. In ƙunshin ya ɗumama a hannu, ya cika, a zare. Barin sa a jone kwana da yini shi ke dafa shi har ya fara fitar da farin gari a bakinsa.

Nasihohi biyu da suka zauna a bakin jama'a, wato a bar sabon batiri awa takwas a caji, kuma kada a mayar da shi caji sai ya ƙare ƙurmus, gadon zamanin nikel ne. Ni-Cd yakan amfana da a sauke shi sosai lokaci-lokaci. Litiyam kuwa cutar da shi wannan yake yi. Da zarar mota ta rage gudu, ko ta fara tsayawa tana tashi, wasa ya ƙare. Yaro ba zai so haka ba. Zai kashe ta ya sake kunnawa don ta ƙara ɗan motsawa, kuma kowane irin wannan matsi yana tura batirin ƙasa da iyakarsa.

Sai zafi, wanda a Wudil ba baƙo ba ne. Masu ƙera batirin litiyam sun sa digiri 45 a ma'aunin Salshiyas a matsayin iyakar zafin da za a yi masa caji. A ƙasar Kano kuwa, da azahar a watan Afrilu, inuwa ma takan haura 40. Ƙaramar Sallah ta 2024 a Afrilu ta faɗo, ta 2025 a ƙarshen Maris, wato motocin sun shiga hannun yara ne a tsakiyar bazara. A duba abin da ke faruwa: mota ta yi minti ashirin tana gudu a kan yashin tsakar gida da rana ta gasa, batirinta ya ɗau zafin aiki da na ƙasa, sai ga shi an kawo wuta, kowa ya ruga da abin cajinsa, aka jona ta nan take a ɗaki mai rufin kwano. Ba wanda zai zargi mai gida da gaggawa, don wutar ba ta jiran kowa. Amma batirin yana buƙatar kamar rabin awa a inuwa, a waje da motar, ya huce tukuna.

Mafita mai sauƙi ita ce fawa-bank ko ƙaramin sola na gida. 'Yar wayar USB ɗin ba ta jan wuta da yawa, kuma ƙaramin batiri mai 500mAh yakan cika cikin awa ɗaya zuwa biyu. Ke nan ba dole sai lokacin da aka kawo wuta ba. Ana iya yi da sassafe ko bayan magariba, lokacin da gari ya yi sanyi kuma akwai babba a farke. Wanda zai kai shagon caji, ya tafi da wayar motar, ya kuma gaya wa mai shago cewa wannan ba ya kwana a jone.

Wurin caji ma abin lura ne. Kan katifa, ƙarƙashin matashi, kusa da gidan sauro ko jarkar man janareta, duk wurare ne da ake samun yara sun jona abin wasansu. Daɓen siminti ya fi, kuma kaskon ƙasa da aka zuba wa yashi ya fi duka. Gari kamar Wudil da motocin tifa ke ɗibar yashi a bakin koginsa ba zai rasa cikin kasko ɗaya ba.

Kada a ɗauka tsoratarwa ce. A 2016 kamfanin Samsung ya janye wayarsa Galaxy Note 7 daga kasuwannin duniya saboda baturanta suna kamawa da wuta, har Amurka ta hana shiga jirgin sama da ita. A shekarar dai hukumar kare masu saye ta Amurka ta sa aka janye fiye da 500,000 na wani abin hawan yara mai taya biyu, saboda dalili iri ɗaya. Idan manyan kamfanoni masu ɗakunan gwaji sun gamu da haka, batirin da ba a san ko wace masana'anta ta yi shi ba ya fi cancantar a sa masa ido. Abin da ke faruwa a ciki shi ne, wata siririyar leda ce ta raba ɓangarorin batirin biyu. In zafi ko huji ko caji fiye da kima ya lalata ta, ɓangarorin su haɗu, zafi ya haifi ƙarin zafi, ruwan sinadarin da ke ciki kuma mai cin wuta ne. Shi ya sa batirin da ya kumbura ba a huda shi da allura don a sace iskar, ba a danne shi a mayar cikin mota, ba a kuma sake jona shi. Idan ya fara hayaƙi, a zare wuta daga bango, a fitar da yara, a bule shi da yashi ko a kwara masa ruwa mai yawa daga nesa, kada a shaƙi hayaƙin.

Mutuwar da ta fi yawa dai ba ta da hayaƙi ko ƙara. Hidimar Sallah ta wuce, an koma makaranta, uwa ta ɗauke motar ta jefa saman kwaba ko cikin akwati, batirin a ciki, ba caji, wani lokaci makunnin ma a kunne. Daga Babbar Sallah zuwa Ƙaramar da ke biye kusan wata goma ne. Kafin lokacin, ƙwayar litiyam ta zube ƙasa da bolt 2.5, cajarta ta ƙi karɓarta. Wasu abokan sana'a sukan buga wa irin wannan batiri wuta mai ƙarfi don su tayar da shi, mai kaya ya biya ya tafi yana murna. Mai wannan rubutu bai yarda da hakan ba a kayan da yaro zai riƙe. Ƙwayar da ta daɗe a ƙasa ta riga ta lalace daga ciki, tagullar da ke cikinta takan narke ta sake daskarewa inda bai kamata ba, kuma tana iya haɗa wuta wata rana tana cikin caji.

Ajiya mai kyau ba ta cin ko sisi. A yi wa batirin caji kamar rabi, wato wajen bolt 3.8 a mita, a zare shi daga motar, a sa shi wuri mafi sanyi a ɗaki, can ƙasa nesa da rufi, inda ba zai gogi makulli ko tsabar kuɗi ba. Duk bayan wata biyu ko uku a ɗan ƙara masa caji na minti ashirin. Na nikel yakan zubar da cajinsa da kansa in ya zauna, musamman a zafi, amma yakan dawo bayan an cika shi an sauke sau biyu ko uku. Baturan rimot ma a cire su, don masu arahar sukan tsiyaye su cinye ƙarfen da ke riƙe su, kuma ba a yi musu caji.

Wajen sayen sabo akwai abu biyu. Na farko, batirin da ake kira 18650, mai kaurin milimita 18 da tsawon 65, shi ne a cikin manyan motocin wasa da tocila. Na gaske daga manyan kamfanoni bai cika wuce 3500mAh ba. Wanda aka rubuta wa 9900mAh ƙarya ce tsagwaronta, kuma rashin nauyinsa a tafin hannu yakan tona shi. Wasu kuma tsofaffi ne da aka ɓalle daga batirin kwamfuta aka sake musu riga. Na biyu, akwai ƙaramin litiyam mai lamba 14500 da girmansa ya zo daidai da batirin rimot na yau da kullum, amma ƙarfinsa ya ninka shi fiye da sau biyu. A zura shi a gurbin da aka yi don bolt 1.5, allon motar ya ƙone nan take. Mai zuwa saye ya riƙo tsohon batirin da cajarsa, a gwada a gabansa.

Shi kuma mataccen batirin ba na bola ba ne. Juji a unguwanni ƙona shi ake yi, litiyam kuma fashewa yake a wuta, yara na kusa. Ni-Cd yana ɗauke da kadmiyam, guba mai lahanta ƙoda da ƙashi, wanda saboda shi Tarayyar Turai ta taƙaita sayar da irin wannan batiri tun dokarta ta 2006. Abin da aka yar a kwata a Wudil, ruwan damina kogi yake kai shi, inda masunta ke kamun kifi, masu lambu ke ban ruwa. A naɗe bakin wayoyinsa da salatif don kada su haɗu, a kai wa mai gyara ya tara a gwangwanin yashi tare da na waya, a hana yara wasa da shi kafin a kai.