Sharuɗɗan Zaɓen Manhajar Kyamarorin Tsaro

Maƙasudin wannan ɗan nazari shi ne fito da sharuɗɗa uku na zaɓen manhajar naɗar hotunan kyamarorin tsaro da ake sarrafawa daga nesa. Na farko, ta bi ƙa'idar ONVIF, wadda kamfanonin Axis da Bosch da Sony suka assasa a 2008, domin ta karɓi kyamarorin kamfanoni daban-daban. Na biyu, ta iya aiki da tsarin H.265, saboda yana rage cin ma'aji. Na uku, wanda shi ne ginshiƙi, ta wajabta sauya kalmar sirrin da kyamara ta zo da ita. Ta wannan kafa ce muguwar manhajar Mirai ta kame dubban kyamarori a 2016, ta kai hari da su a intanet. Ke nan, in aka yi sake, mai gadi kan koma ɗan aiken ɓarawo.