Tambaya da Amsa: Ina Ake Kai Kukan Jirgi da na Talabijin?

Tambaya: Na baro Toranke da asuba, na bi ta Gaya da Wudil don kada jirgin Legas ya tashi ya bar ni, sai ga shi an shanya mu a filin jirgi tun hantsi har bayan isha'i, ba ruwa, ba bayani. A gida kuma, wasu shirye-shiryen talabijin sai ka kori yara kafin ka kalla. Wai talaka yana da wurin kai ƙara, ko kuwa sai dai "Allah ya isa"?
Wani ɗan kasuwa, Toranke

Amsa: Sannu da wahala. Wurin kai ƙara akwai shi, sai dai mu mun saba sauke fushinmu a majalisar mai shayi, inda babu mai rubutawa.

Bari in fara da jirgi, don shi ne ya ci kuɗinka. Tikiti alkawari ne. A dokokin hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA, na 2023, idan jirgin cikin gida ya yi jinkirin awa 2, wajibi ne kamfani ya ba ka abin jiƙa maƙoshi. Ya kai awa 3, kana iya cewa ka fasa, a mayar maka da kuɗinka: nan take in da tsaba ka biya, cikin kwana 14 in ta banki ne. In kuwa jiran ya faɗa tsakanin ƙarfe 10 na dare da 4 na asuba, masauki a wuyansu yake. Za su ce hazo ne, kuma a hunturun Kano sau da yawa gaskiyarsu ce, amma hazo bai hana a miƙa wa dattijo gorar ruwa ba.

NCAA na da jami'an kare haƙƙin fasinja a manyan filayen jirgi, har da na Malam Aminu Kano. Ka neme su tun kana wurin, da tikitinka a hannu, ka ɗauki hoton allon da ya nuna lokacin tashi. Kamfani ya yi kunnen ƙashi, akwai hukumar kare masu saye, FCCPC.

Na talabijin ya fi santsi, domin abin da ya sa ka sunkuyar da kai shi wani ya bar tuwonsa ya zo kallo. Tashoshi suna ƙarƙashin hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin, NBC, wadda aka kafa a 1992. Finafinan Hausa kuwa na Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano ne, da ke aiki tun 2001. A watan Mayun 2025 ta dakatar da masu dogon zango 22, har da Labarina da Daɗin Kowa, kan batun kawo su a tace. To amma "sun ɓata tarbiyya" ba ƙara ba ce. Rubuta sunan tasha, sunan shiri, rana, lokaci, da ainihin abin da aka faɗa ko aka nuna, ka fara aika wa tashar kanta.

Abu ɗaya zan ƙara, ko da ba zai yi daɗi ba: tashar ƙetare da kwandonka ya kamo, da abin da yara ke kallo a YouTube, hannun waɗannan hukumomi da ƙyar yake kai musu. Wannan kam tsakaninka ne da mai riƙe da rimot a gidanka.