Yadda Ake Tsara Sha'anin Talabijin da Salula a Cikin Gida

Duk wanda ya san Dakoro tun zamanin da labarin duniya ba ya isowa sai ta bakin rediyo, ko ta bakin direbobin da suka taso daga Maraɗi, in ya zaga unguwanninta yau bayan sallar Isha'i, ya ga faifan parabol bisa katangu, da panno bisa rufin ɗakuna, da hasken salula a fuskokin samari a ƙofar kowane zaure, zai tabbata cewa wani baƙo ya sauka a gidajenmu ba tare da sallama ba, kuma ba shi da niyyar tafiya. Tun da yake korarsa ba ta yiwuwa, domin da shi ake jin muryar ɗan da ya tafi ci-rani Aljeriya ko Libiya, da shi ake sanin farashin gero da na bisashe kafin a kama hanyar kasuwa, da shi kuma ake sauraron tafsirin malamai na nesa cikin watan azumi, abin da ya rage wa magidanci shi ne ya gindaya sharuɗɗa tun da wuri. Ga yadda ake yi, bisa tartibin da na ga ya fi dacewa da gidajenmu.

Abin da za a fara da shi ba ya bukatar a taɓa ko maɓalli ɗaya. Maigida ya zauna da uwargida, in kuwa gida ne mai mata biyu ko uku, to da su duka a zama ɗaya, a ƙidaya na'urorin da ke cikin gidan, a san talabijin nawa ne, salula manya nawa, ƙanana masu maɓallai nawa, wa ke riƙe da kowace, kuma wacce yara suka fi kai wa hannu. Galibi a nan ake gane cewa wadda suka fi ɗauka ita ce ta mahaifiyarsu, da take ajiyewa bisa tabarma in ta shiga madafa. Hikimar tara matan gida a zama ɗaya kuwa ita ce, dokar da ake bi a ɗakin uwargida ana karya ta a ɗakin amarya ba ta haifar da kome sai zargin bambanci tsakanin ƴan uba, yara kuma su tare a ɗakin da aka sassauta. Kakanni ma a sanar da su cikin ladabi, domin tausayin kaka ga jika ya sha warware abin da iyaye suka ƙulla.

Bayan an yi ittifaƙi, sai a duba wuri. Ya kamata mu tuna cewa talabijin ya shigo ƙasarmu ne a matsayin malami, domin a shekarar 1964 aka buɗe talabijin na makarantu a Yamai, inda yara ke zama cikin aji ɗaya suna kallon darasi tare, babba yana tsaye a kansu. Ko da Télé Sahel ta yaɗu daga baya, kallon tarayya aka saba yi, unguwa guda a gaban akwati guda. Irin wannan kallo yana tattare da kariyar da babu na'urar da za ta iya bayarwa, wato kunya, domin abin da yaro ba zai iya kallo a gaban mahaifiyarsa ba, shi da kansa zai miƙa hannu ya sauya tasha. Saboda haka a ajiye talabijin a ƙarƙashin rumfa, ko a tsakar gida, ko a ɗakin da kowa ke shiga ba tare da neman izini ba, fuskarsa tana duban ƙofa, kada kuma a yarda a sa shi a ɗakin samari ko na ƴan mata, ko da yaron ne ya saya da kuɗin guminsa. Salula ma a yi mata wurin kwana guda, wato wurin caji a ɗakin maigida ko na uwargida, inda kowane yaro zai kawo tasa kafin ya kwanta, ya karɓa da safe. A ganina wannan doka ita kaɗai ta fi sauran duka fa'ida, domin mafi yawan ɓarnar salula cikin dare take aukuwa, a lokacin da ido ya ɗauke daga kan yaro.

Daga nan sai lokaci. Tsakanin Magariba da Isha'i a kashe kome, manya da yara, domin lokaci ne na salla da tuwon dare da tilawa; hakazalika da safe kafin a tafi lakwal ko makarantar allo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawara a shekarar 2019 cewa jariri da ɗan shekara guda kada a zaunar da su gaban allon na'ura ko kaɗan, ɗan shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa guda a yini, in ya gaza haka ma ya fi. Wannan tanbihi ne ga iyaye mata da suka saba miƙa wa ɗan goye salula don ya yi shiru su samu su yi daka, domin yaro yana koyon magana ne daga bakin mai amsa masa, kuma salula ba ta amsa masa. Ga manyan yara, shari'a ta riga ta nuna mana matakai biyu a tarbiyya, shekara bakwai da shekara goma, kuma babu laifi a bi su a nan: daga bakwai a fara ba yaro awa guda bayan ya kammala aikin makaranta da aiken gida, daga goma a ƙara masa kaɗan ranar hutu, tare da ƙara masa hisabi. Wanda ya dogara da panno da batir, kamar yadda gidaje da yawa suka koma yi tun da aka yanke wutar da ke zuwa daga Nijeriya a watan Agustan 2023, ya tsara amfaninsa bisa fifiko, fitilar karatu da cajin salular maigida su riga talabijin.

Sha'anin dekoda ba shi da wuya. Ranar da mai ɗaura parabol ya zo, kada maigida ya bar shi da yara ya fita, domin dekodar tashoshin kyauta tana kamo ɗaruruwan tashoshi daga ƙasashen da al'adunsu suka sha bamban da namu. A zauna da shi a zaɓi waɗanda ake so, kamar Télé Sahel da Tal TV da Sunna TV da Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014 kuma ta shahara da shirye-shirye irin su Daɗin Kowa da Kwana Casa'in, sauran kuma a goge su ko a kulle. Dekodar Canal+ da mafi yawan sauran suna da wuri mai suna Contrôle parental. A shiga a sauya lambar sirrin da ta zo da ita, domin yaran unguwa duk sun san ta. Finafinan Indiya da na wasu ƙasashe da ake juyawa zuwa Hausa kuwa, kada jin harshenmu a bakinsu ya sa a saki jiki, domin murya kaɗai aka sauya, hoton yana nan yadda masu shi suka yi shi; babba ya fara kallon kashi ɗaya ko biyu kafin a bar wa yara.

Salula ita ce ta fi bukatar natsuwa, domin talabijin ana kallonsa a bainar jama'a, ita kuwa tana shiga aljihu. Kamfanonin Facebook da TikTok da WhatsApp su da kansu sun sharɗanta cewa wanda bai kai shekara 13 ba ba shi da izinin buɗe asusu, saboda haka uban da ya hana ɗansa ɗan shekara goma bai tsananta ba. Yaron da ake aika kasuwa ko gona, ko wanda ke bin bisashe wajen kwarin Tarka, ƙaramar waya mai maɓallai ta ishe shi. In yaro zai ari babbar salular iyayensa, akwai wata dabara a cikin Paramètres, ƙarƙashin Sécurité, mai suna Épinglage, wadda ke kafe salular a kan manhaja guda, ba ya iya fita daga cikinta sai da lambar mai ita. A YouTube a kunna Mode restreint, a kashe Lecture automatique, wato abin da ke sa wani bidiyo ya fara da kansa da zarar na farko ya ƙare, domin shi ne ke mai da minti goma ya zama awa biyu. Ga ƙanana kuma akwai YouTube Kids. A WhatsApp a shiga Stockage et données a hana hotuna da bidiyo sauka da kansu, sannan a shiga Confidentialité a taƙaita masu iya jefa mutum cikin rukuni ga waɗanda lambarsu ke cikin salular kaɗai. In kuwa yaro ya kai munzalin da za a saya masa tasa, kamar ɗan kwaleji da malamai ke turo wa darasi, to kafin a danƙa masa ita a sa manhajar Family Link ta kamfanin Google a cikin salular uba ko uwa, a buɗe wa yaron asusu ta cikinta. Da ita ake ƙayyade awannin yini, da lokacin da salular za ta kulle kanta da dare, kuma ba ya iya sauko da sabuwar manhaja sai an amince masa. Wanda bai yi karatun boko ba kada ya ji nauyin neman ƙane ko malamin makaranta amintacce ya taya shi, amma lambar sirri shi zai danna da hannunsa, kuma kada ta zama shekarar haihuwa ko ƙarshen lambar waya.

Sai dai wajibi ne in faɗi cewa mafi yawan makullan salular nan intanet suke tsarewa, alhali a gari irin namu babbar ƙofar da abubuwa ke shigowa ita ce memori. Da kuɗi kaɗan yaro zai je wurin masu tura finafinai a bakin kasuwa ko tasha a cika masa ita, ko abokinsa ya tura masa ta Xender ko Bluetooth a filin ƙwallo, ba tare da an kashe mega ko ɗaya ba, kuma ƙaramar waya mai maɓallai ma tana ɗaukar memori. Maganin wannan shi ne maigida ya riga yaro zuwa: ya zaɓi mai turi guda wanda aka san shi da mutunci, ya je da kansa ya faɗa masa, “Malam, ga yarana nan, abin da ba za ka tura wa naka ba kada ka tura musu,” sannan ya sa a cika memorin gida da ƙira'a, da karatun littattafai irin su Ahalari da Ishmawi, da darussan lissafi da Faransanci, da finafinan da ya yarda da su, domin yaron da aka hana kome zai nema a ɓoye.

Game da kuɗi kuwa, ko da Airtel mutum yake amfani, ko Moov, ko Zamani, ko Niger Telecoms, bidiyo shi ke cinye mega. Bisa ƙiyasi, awa guda ta kallo a matakin 360p tana cin kusan mega 300, a matakin 720p kuwa tana kai giga guda, alhali a kan ƙaramin allon salula bambancin bai taka kara ya karya ba. A yanke abin da gida zai kashe a wata, in ya ƙare a haƙura sai wata ya kama, domin israfi ne a sayar da tiyar gero don a ga ƙarshen wani fim mai dogon zango.

Gidajen da maigida ya tafi ci-rani suna da nasu hukunci. Ya wakilta uwargida a fili, a gaban yaran, ta saƙon murya ko kiran bidiyo, don kada babban ɗa ya ɗauka cewa shi ne mai iko da salular da uban ya aiko. A kuma karantar da kowa, babba da yaro, cewa lambar da ke shigowa ta saƙo ba a faɗa wa kowa ita, ko da mai kiran ya ce daga kamfani yake ko an ci kyauta, domin da ita ake sace asusun WhatsApp a riƙa roƙon dangi kuɗi da sunan mai shi; Vérification en deux étapes, mai lambobi shida, ita ke toshe wannan kafa. Ƴan mata musamman uwa ta zaunar da su ta gaya musu cewa hoton da ya fita daga salula ba ya dawowa, samari kuma a gaya musu cewa yaɗa hoton wani ko ƙazafi a kansa, bayan zunubin da ke ciki, ƙasar nan tana da dokar laifukan intanet tun 2019.

Saura mas'alar bincike, wadda ta fi kowace laushi. Alƙur'ani ya hana tajassusi, kuma ɗan da ya gane ana laluben salularsa a ɓoye zai koyi goge sawu ne kawai. Hanyar da ta fi ita ce a sanar da shi tun ranar da aka ba shi cewa Baba ko Inna za su riƙa dubawa a gabansa, lokaci zuwa lokaci, har ya kai shekarun da za a sakar masa. In an tarar da abin da bai dace ba, kada a tara masa ƙanne, kada kuma a fasa salular cikin fushi; a keɓe shi, a tambaye shi daga ina abin ya zo, a karɓe ta na mako guda ko biyu, a mayar masa ranar da aka yi alkawari ba tare da ƙari ba. Shi ma maigida, in ladan ya kira Magariba, tasa ce ta farko da za a kai wurin caji. Duk shekara kuma, bayan hutun damina in za a koma lakwal, a sake zama irin na farko, a ƙara wa wanda ya girma lokaci, a sauya lambobin sirri duka.